Kafin ku haƙa fandishon makarantar nan

Agege, Legas.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Yaya zafin Malumfashi? Mu nan damina ta kankama.

Saƙonka ya iso, har da zanen da ka turo ta WhatsApp. Na yi murna da jama'ar unguwa suka ɗora maka shugabancin kwamitin ginin makarantar, Allah ya taya ka riƙo. Tun da ka ce in faɗi gaskiya, zanen nan bai kwanta mini ba. Bene hawa biyu, gaba duk gilashi, tayil har bango, kowane aji da na'urar sanyaya ɗaki, wai irin na Legas kuke so. Akwai irinsu a Lekki da Ikoyi, amma dizal ne ke riƙe da su, kuɗinsa kuwa daga aljihun iyaye yake fita. Ran da janareta ya tsaya, ajin ba ya zaunuwa. Ku da kuka tara kuɗin nan da karo-karo, wa zai riƙa sayen man?

Legas ɗin ma ba da gilashi ta ilimantar da 'ya'yan talakawanta ba. Kafin Alhaji Lateef Jakande ya zama gwamna a 1979, yara kashi-kashi suke zuwa makaranta, wasu da safe wasu da rana, saboda ƙarancin azuzuwa. Ya gina ajujuwa masu araha birjik, 'yan adawa suna yi musu ba'a da akurkin kaji, amma kafin ya sauka a 1983 an daina karatun kashi-kashi. A wajena ya yi daidai, domin samar wa kowane yaro wurin zama shi ne gaba da komai. Abin da ya rage mana shi ne mu sa wurin ya zama mai daɗin zama.

Batun bene shi ya fi tayar mini da hankali. Ranar 13 ga Maris 2019 wani bene ya rufta a Ita-Faji, cikin tsibirin Legas, da makarantar firamare a hawansa na sama. Kusan mutum 20 suka rasu, da yawansu yara. Duk wanda yake garin nan a ranar bai manta ba. Mu a Agege ƙarancin fili ke tilasta mana hawa sama. Ku Allah ya hore muku fili, ku baje gininku a ƙasa. In kuma kwamiti ya nace, to a gwada ƙasar wurin tukuna, injiniya ya tsaya a kan rodi da kwaɓin siminti da idonsa, matakala ta zama biyu, ƙofofi su riƙa buɗewa ta waje. Kada ka yarda da birkilan da zai ce maka ya saba, ba sai an auna ba.

Kada kuma ku kwafi Legas a batun iska, domin ciwonmu daban da naku. Namu zafin mai gumi ne, maganinsa manyan tagogi masu kallon juna, iskar teku ta shiga nan ta fita can. Naku busasshe ne, ga ƙurar hunturu, maganinsa katanga mai kauri da inuwa. Wanda ya fi dacewa ku duba shi ne Francis Kéré, mutumin Burkina Faso. A 2001 ya gama makarantar firamare a ƙauyensu Gando da tubalin ƙasa, mutanen garin ne ma suka yi aikin da hannunsu. Dabararsa ita ce ya yi silin na ƙasa mai 'yan kafofi, sannan ya ɗaga kwano sama da shi a kan ƙarafa, ya bar rata a tsakani. Zafin aji ya tashi ya fice ta kafofin, iska ta kwashe shi, kwanon kuma ya zarce bango sosai yana kare shi daga rana da ruwa. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fagen zanen gine-gine, shi ne ɗan Afirka na farko da ya samu. Na san wasu dattawan kwamiti za su ce ginin ƙasa koma baya ne. Ka kai su Katsina su ga tsohon ginin Kwalejin Katsina, na ƙasa, tun farkon shekarun 1920 yana tsaye, kuma a cikinsa su Tafawa Ɓalewa da Sardauna suka yi karatu. Ko da bulo za ku yi, ku miƙe ginin daga gabas zuwa yamma, tagogi su kalli kudu da arewa, don kada hantsi da ranar la'asar su riƙa dukan yara. Wannan ko sisi ba ya ci. Ku shuka darbejiya tun yanzu, kafin a kai linta ta kama.

Bari in ba ka labarin tamu makarantar, inda nake koyarwa, don a nan na ga amfanin ajin da ke sauya fasali. Fulotinmu ɗaya tak. Da safe boko, bayan azahar Islamiyya, Asabar da Lahadi matan aure suna koyon karatu da ɗinki. Da muka zo gyara, mai zanen ya ce a rushe bangon da ke tsakanin aji biyu na ƙasa, bayan injiniya ya tabbatar ba shi ke ɗauke da nauyin benen ba, a sa allunan katako masu naɗewa. Muka kuma rabu da dogayen bencinan nan da ake haɗe su da tebur, waɗanda sai ƙarti biyu ke ɗaga ɗaya, muka sa kafinta ya yi ƙananan tebura marasa nauyi. Ka zo ka gani da ƙarfe biyu na rana. Yara 'yan shekara takwas suna jan teburansu jikin bango, a naɗe allunan, a shimfiɗa tabarmi, aji biyu ya koma zaure ɗaya, malamin Alƙur'ani ya zauna a tsakiya. Da safe kuma malamar lissafi ta kan haɗa tebura huɗu-huɗu, yara suna fuskantar juna suna ƙirga da marafan kwalba. Akwai wata yarinya da a da take maƙale a bencin baya, ba a jin muryarta. Yanzu ita ke nuna wa 'yan teburinsu yadda ake rabawa. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma ni da kai mun san abin da ake tarawa a aji. In ka ga yara sun yi yawa, baranda mai faɗi da inuwar itace su ma aji ne, sai dai a tanade su tun a zane.

Kwano babu silin kuwa, a ranar ruwa malami sai dai ya yi shiru ya jira, ba mai jin wani. Kuɗin tayil ɗin bango ku mai da shi nan. Ragowar ku sa indararo da tanki a tari ruwan sama, ku sa sola daidai fanka da ƙwan fitila da cajin kwamfuta. Banɗakin 'yan mata ya zama daban, da ƙofa mai sakata da ruwa a ciki. Na sha ganin yarinya ta fara girma ta daina zuwa saboda wannan kaɗai, iyayenta ma ba su san dalili ba.

Sai batun kula da gini. Ka ji labarin makarantar kan ruwa ta unguwar Makoko da ke nan Legas? Kunlé Adeyemi ya zana ta, aka gama a 2013, katako hawa uku a kan duromomin roba sama da 200, hotonta ya zaga duniya. A Yunin 2016 ta rushe bayan ruwan sama mai ƙarfi. Allah ya kiyaye, an riga an kwashe ɗaliban tun kafin nan saboda ta fara lalacewa. Dabarar ta burge ni har yau, amma ta nuna mini cewa kafin a ɗora bulo ɗaya ya kamata a san wanda zai riƙa duba rufi da ƙofofi duk shekara, da asusun da za a ciro kuɗin. Ku gina da kayan da kafintan Malumfashi zai iya gyarawa ba sai an aika Kano ko Legas ba.

Ka tambayi mai zanen ko zai yarda ya zauna da malamai da iyaye mata kafin ya sake zane. In ya yarda, ka turo mini sabon in nuna wa injiniyan da ya yi mana aiki, ba zai karɓi komai ba. Ka haɗo da girman filin da kuma inda gabas take. In Allah ya kai mu babbar Sallah zan zo gida, mu taka wurin tare.

Ka gaida su Baba da Hajiya, da maiɗakinka da yara. Mutanen Zangon Agege suna gaishe ka.

Wassalam,
Amininka.