Katakon Najeriya da na Gabon

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta rahoton da kuka buga kwanan baya mai kwatanta yawan katakon da Najeriya ke fitarwa da na Gabon, amma gaskiya lissafin tan ko kwantena kaɗai ba zai nuna wanda ya ci riba ba.

Gabon ta hana fitar da gungume ɗanye tun 2010, sai an yanka shi an gyara a masana'antu irin na Nkok, yankin masana'antu da ke kusa da Libreville babban birnin ƙasar, aikin da kuɗin suna zama gida. Mu kuwa madobiya aka dinga sarewa a Taraba ana lodawa zuwa China a haka ɗanyenta, har sai da CITES, yarjejeniyar duniya mai sa ido kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa, ta dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018, daji ya ƙare kuma talakan wurin bai ga komai ba. Nan Zariya ku zaga wajen 'yan katako a Sabon Gari ku tambayi kafinta kuɗin falanki mai kyau yanzu, wallahi abin tausayi ne, mai aurar da 'ya ma gado na neman gagararsa.

Shawarata gwamnati ta tsaya tsayin daka kan hana fitar da gungume, ta taimaka wa masu injin yanka da wuta da bashi mai sauƙi, duk mai lasisin sara kuma a tilasta masa dasa sabbi.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya