Masu bincike su dawo mana da sakamakon ƙasar da suka ɗiba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na daren Laraba, kuma maganar da baƙonku ya yi cewa manoman fadama ne suke ƙarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa da yawan haƙa rijiyoyi ta tsaya mini a rai. Ban musa cewa ruwa ya yi nisa ba. A gonata da ke fadamar Argungu, bututun da a da yake kai mu ƙarshen Afrilu, yanzu tun cikin Maris inji yake fara jan iska yana tari, sai mun haƙa rami mun saukar da shi kafin ya kama ruwa.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda malamin ya yi magana kamar kwaɗayi ne ya kai mu noman rani. Ya manta da ambaliyar 2020, wadda ta shafe shinkafar damina tun daga Argungu har Suru da Bagudo? A wannan shekarar, da kwalekwale na shiga gonata, shinkafa ta riga ta ɗauki ciki, ina hangen ta a ƙarƙashin ruwa. Kuma ai a Birnin Kebbi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a 2015, aka yi ta kiran mutane su shiga fadama.

Shekara uku ke nan da wasu masu bincike suka zo ƙauyenmu, suka auna zurfin rijiyoyinmu, suka ɗebi ƙasa a leda, suka cika takardu da amsoshinmu. Ni da kaina na bar dashe na yi yini guda ina zagayawa da su, har fura aka dama musu a gidana. Daga ranar ba mu sake jin ɗuriyarsu ba, sai ga shi yanzu ana karanta mana laifinmu a rediyo. Idan bincike ya gano wani abu, a zo bakin gona a gaya mana da Hausa tazarar da ta kamata a bari tsakanin rijiya da rijiya, da irin shinkafar da ke nuna da wuri, wadda ba za ta cinye mana ruwa da man fetur ba.

Sannan, ranka ya daɗe, ku daina buɗe layin waya saura minti biyar a rufe shiri. Sau huɗu ina kira ranar, layin a cike.

Naku,
Wani manomin shinkafa daga Argungu, Jihar Kebbi