Barka da Kirsimeti daga Florida

Mama da Baba,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Barkanmu da Kirsimeti. Awa shida kuka riga mu, don haka na san kun taso daga coci, Zumuntar Mata sun gama waƙa, kwanuka sun fara fita zuwa maƙwabta.

Garin nan, The Villages, na tsofaffi ne. Ƙa'ida ita ce a gida a samu mai shekara 55 zuwa sama, yaron da bai kai 19 ba kuwa ziyara kawai yake zuwa, kwana 30 a shekara. Kullum ana kiɗa kyauta daga biyar na yamma zuwa tara a dandalin Spanish Springs da Lake Sumter Landing da Brownwood. Amma a Disamba masu gudun sanyin jihohin arewacin Amurka sun sauko, jikoki sun zo hutu, kujeru ba sa isa.

Tun rana na tsaka mutum ɗaya zai zo a keken golf, wata ƙaramar mota mai kamar a-daidaita-sahu, ya jera kujera shida ko takwas, ya ɗora wa kowacce tawul ko rigar sanyi, ya tafi cin abinci. Kiɗa ya fara, layin gaba tawul ne zalla, tsohuwa mai sanda tana tsaye a baya. Ta ɗage tawul, rigima ta tashi. Don haka mai raka tsoho sai ya iso awa biyu kafin lokaci da kujerarsa mai naɗewa, ya zauna a gefe kusa da ban-ɗaki, don keken guragu ba ya ratsa tsakiyar taro. Ya riƙo bargo, biyar da rabi rana ta faɗi. Keken golf ɗin kuma a ajiye shi yana fuskantar hanya, in ba haka ba fita sai kowa ya watse.

Abin yana taɓa ni, Mama. A Wusasa babba na shigowa yaro ya miƙe daga benci. Nan kowa babba ne, wa zai tashi wa wani?

Fitilun dai gwanin kyau, ga tsofaffi na rawa layi-layi, da Baba ya gani sai ya shiga. Waina ce babu. Wainarki da miyar taushe, wadda ƙullinta ya kwana ya tashi, gefenta ya soyu a tanda, kwanon farko na gidan Malam maƙwabcinmu. An kai musu bana?

A gaida Kaka sosai da sosai, ya ƙafarta? A ajiye mata benci kusa da ƙofa, kada ta tsaya. A gaida Goggo da yaranta, da Kawu, da Yaya da amaryarsa. Auta kuwa a ce ina nan da saƙonta, ta ci rabona na waina. Gidan Malam duka, da kowa da kowa.

Taku,
'yarku