Wasiƙa zuwa ga Yaya a Argungu

Atlanta, 20 ga Yuli, 2020

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya, kai da Baba da Inna da yara duka, kuma damina tana tafiya yadda ake so. Na samu saƙonka inda kake tambaya ko an gama da cutar korona a nan, tunda ka ji an buɗe shaguna. An buɗe ɗin, amma cutar tana nan, kuma hukumomin da suka buɗe ba su daidaita a tsakaninsu ba.

Gwamnan jiharmu ta Jojiya, Brian Kemp, ɗan jam'iyyar Republican ne, ita kuwa magajiyar garin Atlanta, Keisha Lance Bottoms, 'yar Democrat ce. Tun ranar 24 ga Afrilu gwamna ya ba wa masu aski da gidajen motsa jiki izinin komawa aiki, bayan kwana uku aka buɗe gidajen abinci, alhali magajiyar gari tana roƙon mutane su zauna a gida, har ma Shugaba Trump, wanda suke jam'iyya ɗaya da gwamnan, ya fito ya ce an yi gaggawa. A farkon wannan wata ita kanta ta kamu da cutar, ta wajabta sanya takunkumi a cikin birni, shi kuma gwamna ya ce ba ta da hurumin yin haka, ya maka ta a kotu ranar 16 ga wata.

Mu talakawa ne a tsakiya. A kantin da nake aiki an manna takarda a ƙofa cewa ba mai shiga sai da takunkumi, amma kullum sai wani ya shigo fuska a buɗe, yana ɗaga murya cewa gwamna bai tilasta masa ba, ni kuwa ina tsaye a bayan kanta ina shaƙar numfashinsa. Ban raina hujjar masu son a buɗe ba, domin na san wani mai aski ɗan Nijar da kuɗin haya ya kusa fitar da shi daga shago. Abin da yake ƙona mini rai shi ne zaɓen Nuwamba ya shiga maganar, har ana gane jam'iyyar mutum daga abin da ke fuskarsa.

Na ga irin wannan saɓani a gida lokacin ƙaramar Sallah, da Kano ta yarda a yi Juma'a da Idi, Kaduna kuma ta ci gaba da kulle. Yanzu da aka ɗage dokar hana zirga-zirga tsakanin jihohi, baƙi za su cika kasuwannin raguna daga Jega har Birnin Kebbi. Saboda haka ina roƙonka, Yaya, kada ka bar Baba ya shiga kara da kansa a bana, domin mai ciwon suga a irin shekarunsa shi ne cutar ta fi kayarwa. Kai ka je ka zaɓo ragon. Idan kuma ya dage sai ya je Idi, a sa masa takunkumi, ya tsaya a gefen sahu, a rage musabaha.

Kuɗin layya da na maganinsa zan turo kafin ƙarshen mako. Ka gaishe da Inna, ka ce ta sa ni a addu'a.

Wassalam,
ƙaninka.