Zuwa ga Bello, kan zancen sunayen intanet

Assalamu alaikum Bello, ya aiki ya Kaduna? Nan Sakkwato kowa lahiya lau sai zahi, Innarka na gaishe ka.

Na saurari saƙon muryarka har sau biyu, kuma na duba jerin sunayen shahukan intanet ɗin nan 40 da kake son yi ma rajista da kuɗɗin da ka tara wurin bautar ƙasa, don ka sayar da su daga baya da riba. Ban hana ka ba, sana'a ce ta gaske kuma akwai masu ci da ita, amma duk cikin bayaninka ban ji ka ambaci kuɗɗin sabuntawa ba ko sau guda, kuma wurin nan hankalina ya tsaya.

Domen, wato sunan shahin intanet irin mai ƙarewa da .com, ba hili ba ne da za ka saye ka kewaye da bulo ka manta, haya ce ta shekara shekara. Kamfanin Verisign na Amurka ke riƙe da rajistar .com, kai kuma kana biya ta hannun dillalan rajista irin su GoDaddy ko Namecheap, dala goma da 'yan kai kan kowane suna duk shekara, to ka buga lissahin 40 da kanka, ka doshi dala 500 kenan ko an saye ko ba a saye ba. Kahin Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a banki, cikin 2024 ta haye 1,500, da idonka ka gani. Wanga abu kiwon rago ne mai cin dusa da dala, kuma rago in bai sayu a Kara ba sai a maido shi gida a yanka kowa ya ci, suna kuwa ranar da ka kasa biya ko fata ba ka samu. Ni ya taɓa faruwa da ni lokacin da nike da kafen intanet, wasiƙar tuni ta shiga imel ɗin da na daina buɗewa, sunan ya kuɓuce, wani can waje ya ɗauke ya sa mishi kuɗɗin da ban iya biya, dole na sake allo da risit da komi.

Labarin voice.com da kat turo gaskiya ne, dala miliyan 30 a 2019, kamfanin MicroStrategy ya sayar ma kamfanin Block.one, haka business.com miliyan 7.5 tun 1999. Amma dubi sunayen, kalma guda ce gajera wadda duniya duka ta sani, kuma waɗanda sunka riƙe su sun kama su tun intanet na jariri. Cikin naka na ga mai haruhwa sun fi ashirin, ga lamba ga ɗan layi a tsakiya. Ka kira Innarka a waya ka gaya mata sunan sau guda, in ba ta iya maimaita shi ba ka goge shi.

Ita kuma na'urar ƙiyasin kuɗɗin suna da ta ce maka wani cikin sunayenka ya kai dala 2,000, na'ura ba ta sayen kaya Bello. Kimar suna ita ce abin da mai buƙata ya ƙirga ya ba ka. Shiga NameBio, shahin da ke aje tarihin cinikin sunaye, ka ga nawa aka sayar da makamantan naka a zahiri, sannan ka zauna ka ƙirga 'yan kasuwa nawa ne, masu shago da ciniki na gaske, da sunan zai yi ma amfani, in ba su kai goma ba wa kake jira? Su kansu 'yan sana'ar suna cewa cikin suna ɗari ɗaya ko biyu ke hita a shekara, kuma kasuwannin sayar da sunaye irin Sedo ko Afternic sai sun cire la'adarsu.

Sai guda biyun nan masu sunan banki da na kamfanin waya, su kam ban yarda ba ko kaɗan. Tun 1999 ICANN, hukumar da ke kula da tsarin sunayen intanet, ta kafa ƙa'idar raba rigimar suna da ake ce ma UDRP, kamfanin da ke da sunan ya kai ƙara irin wurin WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Janeba, a karɓe a ba shi, kai ka tashi ba suna ba kuɗɗi. Ko babu wannan ma, tsare ma mutum ƙofar gidanshi ka ce sai ya biya ka kahin ya shiga haƙƙi ne, kuma ban son ka ci shi.

Duk wanda ya turo maka imel yana ta rawar jiki zai saye da tsada, amma wai sai ka fara biyan kuɗɗin takardar ƙiyasi a wani shahin intanet da shi ya zaɓa, ɗan damfara ne, toshe shi. Kuma kar ka miƙa suna sai kuɗɗi sun shiga hannun amintaccen mai shiga tsakani irin Escrow.com.

Abin da nike so, ka tace ka hidda biyar kacal, ka duba ko akwai masu kyau a .com.ng tunda NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen intanet ta Najeriya, ke kula da shi kuma da naira za ka biya, ka aje kuɗɗin sabuntawa na shekara uku gefe guda kahin ka taɓa komi, sauran ka bar su cikin jarin gyaran wayarka da ke kawo na cefane kullum. Turo min biyar ɗin daren Juma'a, in na dawo Isha'i sai mu bi su ɗaya ɗaya a waya.

Allah shi yi maka albarka.

Babanka