A daina mayar da shago yadda ruwa ya tarar da shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina roƙon ku ba ni fili in yi magana da 'yan kasuwar Maraɗi, da masu ba da hayar shaguna, da kuma 'yan'uwana magina. Sana'ata gini ce, ita na tashi na tarar a gidanmu, kuma abin da nake gani a bakin aiki tun bayan daminar 2024 ya hana ni yin shiru.

Mutanen Maraɗi ba su manta da ranar Juma'a 30 ga watan Agustan 2024 ba. Cikin awa ɗaya da rabi aka sheƙa ruwan da ya kai milimita 150, alhali damina sukutum a nan ba ta cika wuce milimita 500 da 'yan kai ba. Aƙalla mutum 15 suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama. A faɗin Nijar kuwa, ambaliyar wannan shekarar ta ci rayuka sama da 300, ta shafi mutane sama da miliyan ɗaya, har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi, aka kuma ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen watan Oktoba. Idan ana lissafin ɓarna, gidaje ake ƙirgawa da gonaki da dabbobi da azuzuwa, kuma hakan daidai ne. Sai dai shago ma tukunyar gidaje da yawa ce. Mai shi yana ci, yaransa suna ci, ɗan dako da mai amalanke da ɗan kabu-kabu duk a ƙofarsa suke samun na cefane. Shi ya sa da ruwa ya janye kowa ke gaggawar buɗewa, kuma ban ga laifin mai iyali da bashi a wuya ba. Amma gaggawar nan ce ke sa a kashe kuɗi sau biyu.

Ga yadda aka saba yi. A kwashe laka, a share, a liƙe inda ya tsage da ɗan siminti, a shafa fenti, a mayar da kanta inda take, a jera buhuna a ƙasa kamar jiya. Bango kuwa yana nan sharkaf a ciki. Bulo yana shan ruwa, kuma ko bayan an daina ruwan sama danshi yana ci gaba da hawa daga ƙasa. Idan aka rufe shi da fenti, musamman fentin mai, an toshe masa hanyar numfashi ke nan. Ba a daɗewa sai fenti ya kumbura ya fara ɓarewa, farin gishiri ya fito a gindin bango, fumfuna ta kama bayan kanta, atamfa da shadda su ɗauki warin da ba ya fita. Mai shago ya ce magini ya cuce shi, alhali bangon ne ba a bari ya bushe ba. Abin da ya dace shi ne a sassaƙe yaɓen har ya wuce layin da ruwa ya tsaya, a wanke wurin da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta domin ruwan ambaliya a gauraye yake da na masai, a buɗe ƙofa da taga iska ta ratsa. Bushewar tana cin makonni, wani bangon ma sai iskar hunturu ta kaɗa shi. A wannan tsakanin ana iya ciniki a rumfa a ƙofar shago. Ba ado, amma ba asara.

Tsagewa kuma iri-iri ce. Wadda ta tsaya a fatar yaɓe ba abin tsoro ba ce. Wadda ta bi layin bulo tana hawa kamar matakala, ko ta fi faɗi a sama, ko ta sa ƙofar ƙarfe ta daina rufuwa, wannan tana nuna ruwa ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin harsashi. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta da wuyar zarewa. Irin wannan ba a liƙe ta. Tona ake yi a duba tushen, in ta kama a rushe ɓangaren a sake. Na san maganar rushewa ba ta yi wa mai gini, wato wanda ya mallake shi, daɗi, amma bangon da ya zauna a kan rami yana iya faɗowa a kan yaron shago yana barci.

A nan zan juyo kanmu, mu magina da masu buga bulo. Buhun siminti mai kilo 50 da ya kamata ya ba da bulo 30 da 'yan kai, sai a matsa masa ya haifi 50, a buga yau a ɗora gobe ba tare da an shayar da shi ruwa ba. Siminti yana bukatar a yi ta jiƙa shi kamar mako guda, kuma sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Bulon da za ka murza da yatsa ya zube, me zai yi a gaban ruwan da ke gudu? Layukan ƙasa, daga harsashi zuwa inda ruwa ya taɓa kaiwa, bulo cikakke marar rami suke so. Mai gini zai ce a rage masa kuɗi, gaskiya ne, siminti ya yi tsada ko na Malbaza ne ko wanda ake shigowa da shi daga Najeriya. To a rage a wurin ado, a bar tayil da fentin gaba zuwa baɗi. Kada a rage a gindi. Amanar da ke tsakaninmu da mai aiki ita ce mu faɗa masa haka ko da zai ba wani aikin.

Sauran abubuwan ba su da tsada. A ɗaga daɓe da dokin ƙofa su wuce shaidar da ruwa ya bari a bango. A mayar da soket da mita sama, kuma kada a kunna wuta sai mai gyaran lantarki ya duba wayoyin. Buhunan shinkafa da sukari da fulawa su hau dakali ko katako, su bar jikin bango. Abincin da ruwan ambaliya ya jiƙa kuwa, da maganin da ya sha ruwa, don Allah a zubar. Shanya su a sake zuba su a kasuwa sayar wa mutane ciwo ne.

Amma duk wannan gyaran mutum ɗaya ne, kuma matsalar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Idan na ɗaga ƙofata kai ba ka ɗaga taka ba, ruwana na tura maka. Mu duba tarihin garin nan. A shekarar 1945 Gulbin Maraɗi ya cika ya cinye tsohon garin da ke cikin fadama, aka tashi Maraɗi ɗungurungum aka hau da ita kan tudu, unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Limanci da Ɗan Gulbi suka taho da sunayensu. Kakanninmu daga ƙasa ruwa ya zo musu, suka guje masa. Mu kuwa na 2024 daga sama ya sauko mana, a kan rufinmu. Milimita ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita. Ke nan mangaza mai rufin murabba'in mita 100 ta zubar da lita 15,000 a wannan awa ɗaya da rabi, wato tano 75 na lita 200. Ka tara na layi guda, ka haɗa da na unguwa. A da, filaye da gonakin bakin gari suna shanye rabonsu. Yanzu gari ya faɗaɗa, kwano da siminti da kwalta sun rufe ƙasa, ruwan kuma dole ya gangara zuwa gulbi. Idan ya tarar an ɗora rumfa ko matakalar shago a kan lambatu, ko leda da yashi sun cike shi, ta cikin shago zai bi. Garin ya samu tituna da magudanu, musamman lokacin shirin ƙawata gari na Maraɗi Kwalliya a 2015, amma magudanar da aka toshe daidai take da wadda ba a gina ba.

Saboda haka kafin kowa ya sa bulo, 'yan layi su zauna da magini guda su auna inda ruwa ke shigowa da inda yake fita, su tsayar da tsayin daɓe ɗaya, su yarda cewa ba wanda zai hau kan lambatu. Murfin da za a ɗora masa ya zama mai ɗaguwa domin a iya yashewa. Shugabannin 'yan kasuwa da masu unguwa suna da bakin da za su haɗa wannan zama, kuma in sun kira ana zuwa.

Akwai kuma rigimar mai gini da ɗan haya, wadda ta tsayar da gyara a wurare da dama. Ɗan haya ya ce ba ginina ba ne, mai gini ya ce ba kayana ne suka jiƙe ba. Ni dai ra'ayina, harsashi da bango da rufi nauyin mai gini ne. In ba shi da hali a lokacin, ɗan haya ya yi aikin a riƙa cirewa daga kuɗin haya, amma a rubuta a gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarce mu game da bashi. Da yawanmu ba ma shiga inshora, wasu don shakkar halaccinta, wasu don rashin yarda. To adashi dai mun iya shi. Kowace ƙungiyar 'yan kasuwa tana iya ware asusu na musamman da ba a taɓawa sai ruwa ko gobara ta shafi ɗan ƙungiya.

Hukumomin birni kuma ina roƙonsu abu biyu. Su sa shaguna da wuraren sana'a cikin ƙidayar ɓarna, su sassauta patanti, wato harajin sana'a, ga wanda aka tabbatar ruwa ya cinye jarinsa, sassaucin ya tafi tare da sharaɗin zai gyara yadda ya kamata. Sannan yashe magudanu da cire abin da aka gina a kansu a yi shi da rani, tun daga watan Maris zuwa Mayu, a kan kowa, babban Alhaji da mai tebur.

Malam Edita, ku ma kuna da rawar takawa. Labarin ambaliya yakan cika shafukanku a watan Agusta, ya ɓace da shigowar kaka, alhali aikin gyara da rani ake yinsa. Ina roƙon ku turo wakilinku Maraɗi kafin hadarin fari, ya zaga layukan shagunan da ruwa ya shiga, ya dubi tsayin ƙofofinsu da halin lambatun gabansu, ya ji ta bakin 'yan kasuwa da magina da injiniyoyin birni, ku buga abin da ya gani.

Wassalam.

Naku mai karatu,
Wani magini daga unguwar Sabon Gari, Maraɗi