Sanarwa: Gayyar yashe magudanan ruwa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ana tuna wa kowa cewa Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli a Kano, za mu fita gayya daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Mahaɗa: ƙofar gidan Mai Unguwa.

Damina ta kusa, kwalbatin bakin kasuwa kuwa ya cushe da ledar fiya wata da yashi. In muka bar shi haka, ruwan Agusta cikin gidajen mutane zai kwana, ga sauro, ga zazzaɓi a kan yara. Da kwalbatin za mu fara. Mai shebur, manjagara ko baro ya taho da shi. Don Allah kada a jibge sharar a bakin kwata kamar yadda aka saba, ruwan farko zai mayar da ita ciki. A kai ta inda motar hukumar kwashe shara ta REMASAB ke kwasa.

Iyayenmu mata sun ɗauki nauyin koko da ƙosai, Allah ya saka.

Maganar ziyarar marayu sai taron Lahadi bayan La'asar. Waɗanda ba su biya kuɗin wata ba, Ma'aji na cigiyarku.

Sakatare